Damagaram: Gawon gona ya samu mai shi, tabkin birni na jiran nasa

A farkon watan Satumban 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma hotunan faɗuwarsa sun zagaya duniya. A wannan damana, ambaliya ta yi sanadin mutuwar kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen watan Oktoba saboda azuzuwa da dama sun zama mafakar waɗanda suka rasa muhalli.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da hadari ya haɗo, magana ɗaya ake yi a fadodin matasa da gidajen rediyon birnin: a yashe magudanan ruwa, a gina sababbi. Buƙatar tana kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: in magudana ta kwashi ruwan, ina za ta kai shi? Amsar ita ce tabkuna da kwaruruka da ƴan sauran filayen itatuwa da ke cikin gari da kewayensa, wuraren da kullum ake cikewa da shara, ake yankawa ana sayarwa.

Birnin da ke kan dutse

Damagaram na zaune ne a kan dutse. Manyan duwatsun da baƙo ke gani a Birni da gefen gari kai ne kawai na shimfiɗaɗɗen dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa. Wannan ne ya sa ruwan sama ba ya nitsewa sosai: gangarawa yake yi ya tattaru a wurare masu kwari. Shi ne kuma ya sa rijiyoyin cikin gari ba su iya shayar da jama'a, sai an jawo ruwan famfo daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, masu tazarar kilomita da dama. Birni guda, matsala biyu: a damana ruwa ya ci gidaje, a bazara mata da yara su kwana a layin famfo da jarkoki.

Mutanen da suka gina garin sun san da haka. Wasu tabkunan halitta ne, wasu kuma ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, har da ta ganuwar da aka ɗaukaka a zamanin Sarki Tanimun. Ruwan unguwa yana gangarawa cikinsu, bisashe su sha, masu bugun tubali su yi aiki, masu lambu su yi ban-ruwa, itatuwan bakin gaɓa su ba da inuwa. Tabki irin na Kanya yana cikin waɗanda har yau ke karɓar ruwan wani sashe na birnin.

Abin da ya sauya shi ne yawan jama'a da darajar fili. A ƙidayar 2012 mazauna birnin sun haura 320,000, kuma tun lokacin gari sai faɗaɗa yake yi. Kowane rufin kwano da kowace kwalta na ƙara yawan ruwan da ke gudu a ƙasa, alhali wuraren da za su karɓe shi raguwa suke yi. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Da fari a mayar da bakin tabki juji. Shara da leda su taru, a zuba ɓaraguzan gini a kai, ƙasa ta yi tauri. Bayan ƴan shekaru wani ya kafa shinge, wani ya zo da takarda, sai ga harsashin gida. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan ya biyo tsohuwar hanyarsa, ya tarar da ɗaki a kai.

Ba za a ce cike tabkuna ne ya kayar da masallacin Birni ba. Ruwan 2024 ya wuce misali, ginin kuma ya tsufa. Amma a unguwannin da ke cikin kwari, kowane taku na tabki da aka cike ƙarin ruwa ne a tsakar gidan wani.

Darasin da ke bayan gari

Abin mamaki shi ne, jahar da birninta ke rasa itatuwa da tabkuna ita ce duniya ke misali da ita wajen farfaɗo da daji. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5, kuma gonakin Magarya da Matamai da Mirya na sahun gaba. Ba dashe suka yi ba. Tohon da ke fitowa da kansa daga kututture ko daga iri suka riƙa bari a lokacin sassabe, su rage masa rassa, su kare shi har ya girma. Gawo ya fi yawa a cikinsu, saboda yana kaɗe ganye a damana, bai hana hatsi rana, yana ƙara wa ƙasa taki, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne.

Kare gawo ba sabon abu ba ne a ƙasar Damagaram. Tarihin baka ya nuna Sarki Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan mai saran gawo. Zamanin Turawan mulkin mallaka da bayansa, doka ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, jami'in gandun daji ne ke da iko da su. Manomi ya ga cewa iccen da ke gonarsa tara kawai zai jawo masa, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. Da riƙon ya sassauta bayan farin 1984, sannan aka yi dokar tsarin karkara a 1993 da dokar gandun daji a 2004, manoma suka fara ɗaukar iccen a matsayin nasu. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya raya a gonarsa.

Darasin a fili yake. Mutum yana kare abin da ya san nasa ne, ya san iyakarsa, kuma yake cin moriyarsa. Gawon gona ya samu waɗannan ukun. Tabkin birni bai da ko ɗaya. A takarda dukiyar ƙasa ce, domin dokar ruwa ta 2010 ta sa tabkuna da magudanan halitta cikin kadarorin jama'a. A zahiri kuwa, na kowa ne ranar zubar da shara, ba na kowa ba ne ranar gyara.

Gayya ta kwana ɗaya

Ba a rasa masu kishi ba. Kafin kowace damana ana ganin matasan fadodi, ƙungiyoyin mata da ɗalibai sun fito da shebur da baro suna yasar magudanai. A ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, hukumomi da sarakuna kan dasa dubban itatuwa. Wannan al'ada ce mai asali, daga gayyar gona zuwa ayyukan Samariya na zamanin Janar Seyni Kountché.

Matsalar ita ce abin da ke biyo bayan ɗaukar hoto. Sharar da aka tono takan zauna a bakin magudana har ruwan farko ya mayar da ita ciki, saboda babu motar kwashewa. Iccen da aka dasa ba shi da mai ban-ruwa a watan Afrilu, ba shi da kariya daga awaki. Dokar 2014 da ta hana shigowa da leda da sayar da ita tana nan a rubuce, ledar kuma tana nan a kowane reshe. Bikin Zinder Sabuwa na Disamban 2018 ya kawo wa birnin tituna da gine-gine, amma kwalta ba ta shan ruwa.

Sauran birane sun riga sun nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A Yamai, dajin darbejiya da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye babban birnin, mai faɗin hekta sama da 2,000, an yi ta gutsurarsa ana yanka filaye, saboda mazauna kewayensa ba su taɓa jin nasu ba ne. A Kano, an cike kududdufai da dama na cikin Birni an yi gini a kansu, unguwanni kuma na kokawa da ruwa duk damana.

Ƙorafin da ya kamata a saurara

Masu son a cike tabkuna su ma suna da hujja. Uwar da ke zaune a bakin ruwa ta san sauro da zazzaɓin cizonsa, ta san warin ruwan kwata, tana kuma fargabar ranar da yaro zai tafi wanka bai dawo ba. Magidancin da ya yi gini a cikin kwari sau da yawa ba ganganci ya kai shi ba, nan ne kawai kuɗinsa suka iya saya. Duk wanda zai yi musu wa'azin muhalli ba tare da amsa waɗannan ba, ɓata bakinsa yake yi.

Amma tabkin da ya zama haɗari, tabki ne da aka yi wa sakaci. In an yashe shi ya yi zurfi, aka hana ruwan masai shiga, aka zuba kifi masu cin tsutsar sauro, aka kewaye wuraren da ke da santsi, yawancin illar na raguwa. Cike shi kuwa tura ruwan ne zuwa unguwar da ke ƙasa.

Akwai kuma haɗarin a fake da sunan sa hannun jama'a a ɗora wa talaka aikin da haraji ya kamata ya yi. Matasa ba su da injin haƙa, ba su da ikon soke takardar fili. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙon ƙwarya, mazauna unguwa ba su da zaɓaɓɓen wakilin da za su tuhuma. Hakan ya ƙara wa masu unguwanni, limamai da ƙungiyoyin farar hula nauyin zama bakin jama'a.

Abin da za a iya yi kafin damana

Mataki na farko shi ne ƙidaya da shata iyaka. Masana yanayin ƙasa na Jami'ar André Salifou da ɗalibansu za su iya zagayawa da dattawan unguwa, waɗanda suka san inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya fi yawa, a kafa turaku, a liƙa taswirar a ma'aikatar magajin gari da ƙofar mai unguwa. Filin da kowa ya san iyakarsa yana da wuyar sayarwa a ɓoye.

Na biyu, kowane tabki da kowane filin itatuwa ya samu kwamitin unguwa da yarjejeniya a rubuce da gundumarsa, cikin gundumomi biyar na birnin. A ciki a sa masu bugun tubali, masu lambu, masu kiwo da mata, a faɗi wanda ke da izinin ɗibar ƙasa da inda zai ɗiba, wanda zai kama kifi, wanda zai sassabe reshe. Abin da aka tara ya zauna a asusun unguwa don biyan mai gadi da mai ban-ruwa.

Na uku, hukuma ta ɗauki nata kason: yashewa da injina, kwashe shara a kan lokaci, daina ba da takardar gini a hanyar ruwa, da samar wa waɗanda ke cikin kwari wani matsuguni kafin a ce su tashi. Fadar Sultan Abubakar Sanda na da rawar takawa a nan, domin kalmar sarki a kan fili har yanzu tana da nauyin da takardar ofis ba ta da shi.

Manoman Magarya da Matamai ba su jira wani babban shiri ba kafin su mayar da gonakinsu kurmi. Tabbaci suka samu cewa abin da suka raya ba za a ƙwace ba. Mazauna Birni, Zango, Garin Malam da Sabon Gari irin wannan tabbacin suke buƙata a kan tabkunansu, kuma lokacin ba su shi ne rani, tun ruwa bai sauko ba.