Wa ya ji abin da aka faɗa a Sabon Gari a 1953?

Rikicin Kano na watan Mayun 1953 ya fi ƙamari tsakanin Fagge da Sabon Gari, bayan jam'iyyar AG ta shirya taro ƙarƙashin jagorancin Samuel Akintola don yaɗa kiran samun mulkin kai a 1956. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka rasu, 241 suka jikkata. Wannan a rubuce yake, kowa na iya bin diddiginsa.

Abin da babu mai iya bin diddiginsa shi ne kalaman da wata mai tallar gyaɗa ta faɗa wa ɗanta tana fizge shi daga bakin titi. Amma sai marubuci ya ƙagi matar, ya sa mata magana a baki, ya kira aikinsa labarin gaskiya mai adon harshe. In aka tuhume shi, sai ya ce ai ya kamo yanayin ranar.

Janet Cooke ma yanayi ta kamo a 1980, da ta ƙagi yaro ɗan ƙwaya mai shekara takwas a jaridar Washington Post. A 1981 aka mayar da lambar Pulitzer da ta ci. Ita sunanta ta ɓata. A nan kuwa asarar ta fi haka, domin jikokin ɓangarorin biyu suna kasuwar Sabon Gari, rumfa na jingine da rumfa, kuma baƙar maganar da aka ƙaga aka liƙa wa wata ƙabila, su za a karanta wa a waya a ce tarihi ne.

Mai gyaɗar nan tana da gurbi a ƙagaggen labari, muddin an rubuta haka a bangon littafin.