Ra'ayi: Kirik ya iya ɗaga mota, amma bai iya riƙon amanar ranka ba

A watan Afrilun da ya wuce, wani maƙwabcina a Maraɗi ya kusa barin ƴaƴansa marayu saboda wata ƙara da yake ji a ƙarƙashin motarsa. Prado ce, ƙanensa da ke aiki a Beljiyam ya aiko masa. Ranar Lahadi da hantsi ya shigo da ita tsakar gida, ya ciro kirik ɗin da ta zo da shi, ya ɗaga gefen gaba, ya cire taya, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya tura kansa da kafaɗunsa ciki. Yana cikin laluben inda ƙarar take fitowa, sai matarsa ta kira shi ya karɓi waya. Bai kai ƙofar ɗaki ba ya ji motar ta dira ƙasa. Gindin kirik ɗin ne ya nutse cikin rairayi ta ɓangare ɗaya, ya karkace, ya zame. Da muka taru muka ɗaga motar, mun tarar ƙarfen ya danne kwalin daidai inda ƙirjinsa yake ɗazu.

Kowa ya ce Allah ya kiyaye, kuma gaskiya ne, Allah ya kiyaye. Amma ban ji wanda ya tambayi dalilin faɗuwar motar ba, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan rubutu.

Ba na cikin masu cewa a bar wa makanikai komai. Tun da iyakarmu da Benin ta rufe a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowa ya san yadda tsadar kayan mota ta zama. Matashin da ya koyi juyen mai da canjin taya da duba birki da hannunsa ya yi abin kirki, ya kuma rage wa aljihunsa nauyi. Bidiyon koyar da gyara sun cika YouTube da TikTok, wasu ma da Hausa. Sai dai mai bidiyon yana aiki ne a kan daɓen siminti mai santsi, cikin gareji mai rufi, da kayan aikin da sau da yawa ba ya ma tsayawa ya yi bayaninsu, don a wurinsa abu ne sananne. Kai kuma kana tsakar gida a Damagaram ko Tawa, ƙasa rairayi, ga zafin rana, ga kirik ɗin da ba ka san shekarunsa ba.

Maganata ɗaya ce: kirik, ko jak kamar yadda ake cewa a ƙetaren iyaka, an ƙera shi ne don ya ɗaga mota sama ya sauke ta ƙasa. Riƙe ta yayin da mutum ke ƙarƙashi aikin wani ƙarfe ne daban, wato madogarin nan mai ƙafa uku ko huɗu da ake sa wa mota bayan an ɗaga ta. Wanda ya sayi kirik bai sayi madogarai biyu ba, rabin kaya ya saya.

Dalilin yana cikin yadda kirik mai aiki da mai yake. Duk lokacin da ka danna hannunsa, kana tura mai ne zuwa cikin wani bututu, man kuma ya tura sandar ƙarfe sama. Abin da ya hana man komawa baya shi ne wata ƴar ƙwallon ƙarfe da ke toshe hanya, da wasu zoben roba da ba su fi kaurin tsinke ba. Nauyin motar gaba ɗaya a kansu yake. Roba tana bushewa, tana tsagewa, kuma zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga mata. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga inda ƙwallon ke zama, mai zai fara tsiyaya a ciki ba tare da ka ga ɗigo a waje ba. Wani lokaci motar takan sauko a hankali har ba ka lura, wani lokaci kuma gaba ɗaya. Madogari ba shi da mai, ba shi da roba. Ƙarfe ne ya hau kan ƙarfe.

Shi kuwa ƙaramin kirik ɗin da ke zuwa da mota, ko mai kama da almakashi ko mai kama da kwalba, an yi shi ne don canjin taya ɗaya a bakin hanya. Gindinsa bai fi tafin hannu ba. Littafin kowace mota ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a shiga ƙarƙashinta alhali a kansa kaɗai take. Matsalar ita ce yawancin motocinmu na hannu ne, littafin ya daɗe da ɓacewa kafin su iso.

To wane iri za a saya? Ga mai kat-kat da ke son gyara a gida, kirik mai taya da dogon hannu, wanda ake turawa ƙarƙashin mota, shi ya fi. Abu na farko da ake dubawa shi ne nauyin da aka rubuta a jikinsa. RAV4 tana tsakanin tan ɗaya da rabi zuwa kusan biyu, Hilux wajen tan 2, Prado ta haura 2, babbar Land Cruiser V8 kuwa ta wuce tan biyu da rabi ko babu kowa a ciki. Gaskiya ne ba motar duka kake ɗagawa ba, gaba ne ko baya, amma gaban da ke ɗauke da inji ya fi rabin nauyin. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce ƙarfin kirik ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar. Ni dai shawarata ga mai babbar mota, kada ya yi ƙasa da tan 3. Rarar da ka bari ita ce za ta rufa maka asiri ranar da aka manta da buhunan gero biyu a bayan motar, ko ranar da ta tabbata cewa lambar da aka manna a jikin kirik ɗin ta fi ƙarfinsa yawa.

Abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne tsawon da yake kaiwa. Ƙananan kirik masu tan 2 da ake sayarwa cikin akwatin roba, iyakarsu wajen santimita 33 zuwa 35. Ga ƙaramar mota ya wadatar. Kat-kat kuwa dama can a sama take, kuma idan ka fara ɗaga jikinta, tayar takan ci gaba da zama a ƙasa na wani lokaci kafin ta tashi. Sai kirik ya kai ƙarshe, taya ba ta bar ƙasa ba. A nan ne mutum yake ɗauko guntun katako ko bulo ya ɗora a kan kirik don ƙarin tsawo, a nan ne kuma haɗari ke farawa. A nemi wanda ke kaiwa santimita 50 ko kusa da haka. Zai yi nauyi, zai yi tsada, ba kuma zai shiga ƙarƙashin kujera ba. Dama ba na tafiya ba ne, na gida ne.

In na hannu za ka saya, a Katako ta Yamai ko wata kasuwa, kada ka yarda da fenti. Duba walda, duba ko akwai danshin mai a gindin sandar, sannan ka nemi a ɗaga mota da shi a gabanka a bar ta mintoci. Auna tsawon da farko, ka sake aunawa daga baya. In ta sauko ko da kaɗan ne, bar wa mai shi kayansa.

Yanzu ga inda ƙasarmu ta bambanta da ta masu bidiyo. Tayoyin da ke jikin irin wannan kirik ba don sauƙin turawa kaɗai aka sa su ba. Hannun da ke ɗaga motar ba a miƙe yake tashi ba, lanƙwasa yake yi kamar gwiwar hannu. Saboda haka yayin da motar ke hawa, dole kirik ɗin ya riƙa gangarawa kaɗan-kaɗan zuwa ƙarƙashinta, don kansa ya ci gaba da zama daidai wurin da ka sa shi. A kan siminti haka ke faruwa ba tare da ka lura ba. A kan rairayi tayoyin sukan kafe, kirik ba ya motsi, sai kansa ya fara jan motar ko ya zame daga inda ya kama. Wato kirik mai tsada a kan yashi yana iya zama mafi haɗari fiye da mai arha a kan siminti. Madogarai ma haka: ƙafafunsu sirara ne, suna nutsewa, kuma ba tare suke nutsewa ba, ɗaya kan riga ɗaya. Wanda ba shi da daɓen siminti a gida ya nemi inda akwai. In ya zama dole a yi a ƙasa, a share rairayin har a kai ga ƙasa mai tauri, a daidaita ta, a shimfiɗa falanki mai kauri da faɗi ƙarƙashin kirik da kowane madogari. A kan gangara kuwa babu dabarar da za ta yi.

Inda ake sa kirik a jikin mota shi ma yana da ƙa'ida, kuma motocin da muke kira kat-kat iri biyu ne. Prado da Hilux da Land Cruiser suna da shasi, dogayen ƙarfe biyu masu kauri da jikin motar ke zaune a kai. A kansu ake sa madogarai. RAV4 da Highlander ba su da shasi daban, jikinsu ne ƙashinsu, don haka akwai wuraren da aka ƙarfafa musamman a gefen ƙasa, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, galibi da ƴan alamu guda biyu a jikin ƙarfen. In ka kauce musu, ƙarfen zai lotsa. Matakalar gefe, tankin mai, da kaskon da ke ƙasan inji, babu ɗayansu da aka yi don ɗaukar nauyin mota. Littafin da ya ɓace ana samunsa kyauta a intanet in ka rubuta sunan motar da shekararta. Wasu manyan motocin ma suna da na'urar da ke daidaita tsawonsu da kanta, wadda ake kashewa kafin a ɗaga, in ba haka ba motar za ta iya motsi tana sama.

Sauran aikin bin tsari ne. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, ko P ga mai atomatik. A tuna cewa birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, don haka in baya ka ɗaga, kada ka dogara da shi, ka tokare tayoyin gaba da katako gaba da baya. A sassauta notuna tun taya na ƙasa, don fama da notin da ya ƙi kwancewa alhali mota na sama shi ke girgiza ta. A ɗaga, a sa madogarai, a sauke motar a hankali har nauyinta ya zauna a kansu, sannan a kama ta da hannu biyu a girgiza da ƙarfi. Gara ta faɗi kana tsaye. Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin shasi. In komai ya ci amana, ita ce za ta bar maka wurin numfashi. A kori yara, kada kowa ya zauna cikin motar, kuma kada ka yi aikin babu wani babba a kusa. Wanda mota ta danne wa ƙirji ba ya iya ihu.

Na san abin da wasu za su ce: a gareji ma ai bulo da tsofaffin ƙarafan taya ake jerawa, kuma shekara da shekaru ana aiki. Haka ne, kuma ina ganin laifi ne da muka saba da shi. Bulon siminti mai rami an yi shi ne don nauyin da ya bazu a kansa cikin gini. Idan ƙarfe ya danna shi a wuri ɗaya, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tarwatsewa yake yi nan take. Balle irin bulon da ake bugawa yanzu, wanda yashinsa ya rinjayi simintinsa. Kuma a duba wanda ake turawa ƙarƙashin motar: ba maigidan gareji ba ne, yaron da aka kawo koyon aiki ne, ɗan shekara 13 ko 14, wanda ba shi da bakin cewa a'a. Mai motar da ya tsaya yana kallon haka yana latsa waya, shi ma yana da nasa kason.

Ƴan uwanmu da ke Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, masu aiko da motoci, ku ne wannan ya fi sauƙi a gare ku. Kuna cika bayan mota da talabijin da takalma da turare. Madogarai biyu masu tan 3 ba za su ci wurin akwati ɗaya ba, kuɗinsu kuma bai kai na taya ɗaya ba. Sai dai a lura da abu biyu. Sau da yawa nauyin da aka rubuta na biyun ne a haɗe, ba na kowane ɗaya ba. Sannan sabo ma yana iya zuwa da aibi: a 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye madogarai kusan miliyan 1.7 masu sunan Pittsburgh daga kasuwa, saboda haƙorin da ke riƙe sandar yana iya suɓucewa ƙarƙashin nauyi, kuma wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu su ma aka janye su saboda matsalar walda. Irin waɗannan kaya ba sa ɓacewa, suna iya ƙarewa cikin kwantenar kayan hannu da ke zuwa Afirka. Don haka a zaɓi mai ƙusar ƙarfe da ake zurawa ta kulle sandar, ko da yana da haƙori, a kuma bincika lambar da ke jikinsa a intanet kafin a biya.

Masu shagunan kayan mota kuma, da za su riƙa ajiye madogarai kusa da kirik suna faɗa wa mai saye cewa tare suke tafiya, da sun ƙara ciniki. Na zaga shaguna huɗu da maƙwabcin nan nawa kafin mu samu guda biyu, a na ƙarshen ma sai da aka kakkaɓe musu ƙura. Ƙarar da ta kusa kai shi lahira kuwa, daga baya makaniki ya gano wata ƴar roba ce ta cinye, ya canza ta cikin rabin awa.