A Yi Wa 'Yan Kasuwa Bayanin VPN Da Hausa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan abin nan da ake kira VPN, wanda wasu samari masu cajin waya ke ɗora wa mutane a kasuwanninmu na ƙauye, suna cewa wai in kana da shi ba mai jin sirrin cinikinka.

Mu dai mun fara jin sunansa ne a watan Yuni na 2021, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter, matasa suka riƙa zagayawa ta cikinsa har aka buɗe a Janairun 2022. Amma tun kafin nan bankuna da manyan kamfanoni suna aiki da shi. In reshe zai aika wa hedkwata bayani ta intanet, sai a kulle saƙon tun daga nan, ba ya buɗuwa sai can. Har ma'aikaci yana iya amsa wayar ofis daga ɗakinsa kamar yana bakin aiki. To su nasu ne, makullin yana hannunsu.

Shi wannan na kyauta fa, na wane ne? Ba ka san mai shi ba, ba ka san ƙasarsa ba, amma duk inda za ka leƙa a intanet sai ka bi ta ƙofarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, kiran waya na layi, da tes, da lambobin nan masu tauraro da muke tura kuɗi da su, ko ɗaya ba ya bi ta cikinsa. Sai ka ga mutum ya sayar da masara a Dandume, ya tsaya tsakiyar kasuwa yana faɗar kuɗin da ya kama da motar da zai hau, wai ai wayarsa a kulle take, alhali ɗan rahoton ɓarayin daji yana iya kasancewa a gefensa. Haka in ɗan damfara ya bugo ya ce daga banki yake, ka karanta masa lambar sirrinka, wallahi VPN ba zai hana a kwashe ba. Kuma da aka katse layuka a Zamfara a Satumbar 2021, mai shi da marar shi duk zaman jiran sabis suka yi.

Don haka ina kira ga hukumar NCC da bankuna da su sayi fili a gidajen rediyo su yi mana wannan bayani da Hausa, tun kafin kaka ta yi, kuɗi su shigo hannun manoma.



Wani manomi,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.