Masu koyon hoto, manhajar gyara hoto kuke nema ko ta canza mutum?

Yau sai kun yi haƙuri da ni, don maganar nan za ta taɓa har abokaina.

Da zarar an shiga kakar rubutu a farar riga, daga Yelwa zuwa Gubi har Gwallameji, duk wanda ya samu aron kyamara ko ya riƙe waya mai ido uku ya zama mai hoto. Ban ga laifin wannan ba, neman na kai ne, ya fi zaman jiran a turo daga gida. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tambayar da ake cika mana guruf da ita: "Don Allah wace manhaja ce take sa haske?" Kuma duk mun san ba hasken hoto ake nufi ba. Hasken fata ake nufi.

Sakamakon ga shi nan a sitatus ɗinmu. Yarinyar da kuka yi shekara huɗu kuna aji ɗaya, baƙa mai kyau son kowa, sai ka ga hotonta ka tsaya kana tambayar wace ce. Fuska kamar an goge ta da dutsen guga, ba ƙofar gashi, ba tabon da ka san ta da shi, wuya fari, hannun da ta riƙe alƙalami kuma yana nan baƙi don mai gyaran ya manta da shi. Maza ma ba a bar mu a baya ba. Haba jama'a! Wannan shafe-shafe ne, bambancin kawai ba a je kasuwar Wunti an sayo mai ba.

Na san amsar da za a ba ni: kwastoma ne ke so. To, wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa abin da kwastoma ke ƙorafi a kai shi ne fuskarsa ta fito duhu, ba a ganin idonsa. Wannan kuma laifin mai ɗauka ne. Ka tsayar da mutum da farar riga a tsakiyar ranar Bauchi ƙarfe ɗaya, kyamara ta ga farin nan yana ƙyalli, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya don kada rigar ta ƙone. Wa zai kwana a ciki? Fuska. Maganinsa ka ja shi inuwar bishiya ko gefen gini, ko ka taɓa fuskarsa a allon waya ka ɗan ɗaga haske kafin ka danna, ko ka jira bayan la'asar. Lokacin hunturu ma Allah Ya hutar da kai, hazo kan tausasa rana da kansa. Duk wannan ba ya cin data.

Ku kuma sani matsalar ta girme mu. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana daidaita launin hoto da wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton baturiya. Da fatarta ake auna daidai, baƙar fata kuma ta fito yadda ta ga dama. Ba ƙaramin lokaci aka ɗauka ba kafin a fara gyarawa. Tecno ta samu karɓuwa a Afirka har da dalilin cewa ta saita kyamararta don fuskokinmu, Google kuma sai a 2021 ta fito da Real Tone a wayar Pixel 6. Wato masu ƙera na'ura sun fara yarda cewa launinmu launi ne da ya kamata a fito da shi yadda yake, mu kuma muna nan muna biyan data don mu goge shi.

Yanzu ga amsar tambayar, ga wanda yake son koyo da gaske.

Fara da Snapseed. Ta Google ce tun 2012, kyauta ce, ba talla, ba ta buƙatar intanet, kuma ƙaramar waya na ɗaukarta. Abin da ya sa nake fifita ta: za ka iya ɗora yatsa a kan fuska kaɗai ka ƙara mata haske ba tare da ka taɓa riga ko sama ba, launin fatar kuma yana nan. Idan hannunka ya faɗa, ka ƙara da Lightroom ta waya. Ɓangarenta na kyauta ya ishe ka shekara guda. Abu uku za ka zauna a kansu: rage ƙyallin wurare masu haske, buɗe inuwa, da daidaita zafi ko sanyin launi don kada mutum ya koma ruwan lemo. Wanda ya iya waɗannan ya wuce rabin masu rataye kyamara a bakin get.

Remini fa? Nan ne zan yi faɗa da mutane. Ba gyara take yi ba, ƙirƙira take yi. Tana tura hoton zuwa kwamfutocinsu, ta cike inda ya dushe da ido da haƙori da fatar da ta zata. Shi ya sa za ka ga mutum biyar sun fito kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma ka tambayi 'yar mutane kafin ka tura fuskarta can?

Sai masu cewa in ba Photoshop ba, ba ka fara ba. Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, ga yadda naira take tun 2023, wane ɗalibi ne zai jure? Shi ya sa ake yawo da na sata a filash, wanda sharaɗin sa shi na farko shi ne ka kashe abin da ke kare kwamfutarka daga bairos. A kwamfutar da furojet ɗinka yake ciki! Wallahi ganganci ne. Ga nauyi, ga cin caji, ga wutar da ba ta da alƙawari. In dole sai a kwamfuta za ka yi aiki, GIMP da darktable halal ne, kyauta ne, sai dai suna son haƙuri a makon farko.

Ku kuma masu zuwa a ɗauke ku, ku riƙa buɗe baki. Ka ce a cire maka ƙurjin da ya fito jiya, wannan ba komai, gobe ma zai tafi da kansa. Amma ka ce a bar maka launinka da zanen gidanku in kana da shi. Hoton nan shi za a manna a falo, shi Hajiya za ta nuna wa baƙi ta ce ga ɗana ranar da ya gama. Kada a sa ta tana rantsuwa.

Kuma don Allah in kun gama gyaran, ku tura shi a WhatsApp a matsayin fayil. In kuka tura shi kai tsaye matse shi yake yi, sai mai hoton ya ga ya dushe, ya kai shi Remini da kansa.