Hazon hunturu: Manhajoji biyar, amsoshi biyar

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, manomi a Tsiga da ke ƙaramar hukumar Bakori a jihar Katsina ba ya buƙatar masani ya gaya masa cewa iska ta sauya. Rana kan fito dishi-dishi, leɓe ya tsage, yara su kwana suna tari.

Tambayar da ke gaban masana ita ce: ƙura nawa ke shiga huhunsa, kuma kashi nawa ne ya taso daga sahara, nawa ne daga murhun gidansa? Manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tafiyar iska ake ɗora wa wannan lissafi, amma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Abin da ake bibiya shi ne burbushin da ake kira PM2.5, wanda silin gashin kai ya fi shi kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare shi, yakan zarce cikin huhu, wani ma har cikin jini. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta amince da shi na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kyubik mita ta iska.

Gwajin Bodele

Kaso mai yawa na hazon da ke rufe arewacin Najeriya daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda tsohon Tafkin Chadi ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska kan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe ta.

A 2005 wata tawagar masana ta yada zango a kwarin ta auna iska da ƙura. A 2008 aka wallafa sakamakon gwada manhajoji biyar a kan guguwar kwana uku da aka auna a lokacin. Sun kama hanyar da ƙurar ta bi, amma a kan yawanta, tazarar da ke tsakaninsu ta kai ninki goma.

Dalilin ba boyayye ba ne. Idan ƙarfin iska ya ninka sau biyu, ƙurar da za ta ɗaga kan ninka kusan sau takwas. Don haka ƙaramin kuskure a lissafin iskar safiya a Chadi kan zama babban kuskure kafin hazon ya iso Funtua.

Wannan ne ya sa cibiyar Barcelona ta ƙasar Sifaniya, wadda ke aiki ƙarƙashin shirin gargaɗin ƙura da Hukumar Yanayi ta Duniya ta kafa a 2007, ba ta dogara da manhaja guda. Takan tara hasashen manhajoji da dama ta ɗauki na tsakiya.

Hayaƙin da ba ya cikin littafi

Sai dai kuma matsalar ba ta sahara kaɗai ba ce. Manhajoji irin su CMAQ da CAMx an gina su ne a Amurka, inda hukumomi ke da ƙididdigar masana'antu da motoci da irin man da suke sha. Manhaja ba ta ƙirƙirar hayaƙi, abin da aka zuba mata take juyawa.

A yankin Funtua da Malumfashi kuwa, hayaƙin na fitowa ne daga itacen girki, da gawayi, da ƙona sharar gona, da wutar daji bayan kaka, da janareto, da ƙurar hanyoyin da ba su da kwalta. Tauraron ɗan'adam na iya hango babbar gobarar daji, amma ba ya ganin murhu a cikin madafa, inda uwa ke girki da goyo a bayanta.

Akwai kuma batun faɗi. Manhajar CAMS ta Tarayyar Turai tana yanka duniya gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 40, ta ba shi lamba ɗaya. Ke nan tashar mota da gonar masara da ke bayan gari duk ma'auninsu guda.

Alƙalin da zai raba gardama shi ne na'urar awo a ƙasa, kuma irinta ta yi ƙaranci. Sanannun tashoshin da masana suka daɗe suna dogaro da su a yankin sun haɗa da ta Ilori da ta Banizoumbou kusa da Yamai, dukkansu ɗaruruwan kilomitoci daga Tsiga.

Gardamar ba ta ɗakin bincike ba ce kawai. Lokacin ƙura da bushewar iska shi ne lokacin sanƙarau, cutar da a 1996 ta halaka mutane fiye da 11,000 a Najeriya, akasari a arewa. A Lagos kuwa, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin 11,200 a 2018.

Haka kuma zaɓin manhaja na da ɗanɗanon siyasa. Wadda ta ɗora laifin a kan sahara ta ba hukuma damar naɗe hannu, tun da ba mai iya tare iskar Chadi. Wadda ta nuna cewa itace da janareto na da kaso mai tsoka kuwa, ta ajiye wa gwamnatin Katsina da hukumar NESREA aiki a gabansu: farashin gas ɗin girki, wutar lantarki, da kuma kwalta.