Sabon fenti ba ya mayar da tsohuwar tukunyar gas sabuwa

 A gidaje da yawa a Dutse, idan gas ya ƙare mu ake aike. Mu saɓa tukunya, mu tare mai acaɓa, a cika mana, mu dawo. Mu nawa ne muka taɓa juya tukunyar muka duba gindinta?

Abin da ya kawo wannan magana wata tukunya ce mai cin kilo 6 da aka sayo gwanjo a gidan wani abokin karatunmu. Tana ƙyalli, fentinta shuɗi shar. Da muka nemi shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta, sai muka tarar fenti ya cike lambobin. Ɓawon fentin gindin kuwa da farce ya ɓare, ƙarƙashinsa tsatsa ce ja wur. Ashe kwalliya aka yi wa tsohuwa.

Mu tuna abin da ke ciki. Gas ɗin girki ruwa ne da aka matse, idan ya fito ya zama iska yakan cika wuri fiye da ninki 250 na inda yake. Zafi na ƙara masa ƙarfin turi, shi ya sa ba a cika tukunya maƙil, akan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar. To ku ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu a Jigawa, da ke wuce digiri 40. Ƙarfen nan kaɗai ke riƙe da komai, kuma kaurinsa 'yan milimita ne. Duk inda tsatsa ta ci, kaurin ya ragu.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ce wa'adin tukunyar gas shekara 15 ne, kuma a riƙa sake gwada ta duk shekara 5. A wurin gwajin sai an juye gas ɗin tas, an cire bawul, an kore ragowar iskar. Daga nan a kankare fenti da inji mai feso ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, har asalin jikin ya fito. Ba a ƙona fenti da wuta, domin wuta na kashe ƙarfin ƙarfe. Hasali ma tukunyar da aka ga alamar gobara a jikinta ta faɗi ke nan. Sai mai dubawa ya bi ta da ido a wuri mai haske: yana neman tsatsar da ta yi rami, da lotsewa, da kumburi, da yanka mai zurfi, da wurin da wani mai walda ya liƙe. Ya fi daɗewa a gindi, saboda nan ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Yakan kuma auna ta ya gwada da nauyin da aka buga a jikinta, wanda galibi haruffan TW ke gabansa. Idan ta yi sauƙi da yawa, tsatsa ta cinye ƙarfe.

Wadda ta tsallake sai a ɗura mata ruwa a matsa da ƙarfi. Me ya sa ruwa? Masu darasin fiziks sun san amsa: ruwa kusan ba ya matsuwa, saboda haka ko tukunyar ta tsage, tsiyaya kawai za ta yi. Da iska ce, da ta tarwatse. Wadda ta faɗi gwaji akan huda ta ko a murƙushe ta, don kada ta bi ta hannun 'yan gwangwan ta dawo kasuwa da sabon fenti.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauko wuƙa ya hau kankarar tukunyar gidansu. Ƙarfe a kan ƙarfe na ba da tartsatsi. Namu aikin na ido ne, sai kumfar sabulu a bakin bawul: idan ta yi ƙwai-ƙwai, akwai yoyo. Gas ba wasa ba ne. A watan Janairun 2020 fashewar da ta auku a wani shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, ta yi ajalin mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya.

Wurin ɗauka ma muna sakaci. Muna ganin yadda ake kwantar da tukunya a bayan babur a hanyar Shuwarin, ko a jefa ta but ɗin mota a bar ta a rana. A tsaye ake ɗaukar ta, a ɗaure, bawul a rufe, inda iska ke shiga. Idan ta kwanta, ruwan gas ne ke zuwa bakin bawul, kuma kowane rami a hanya sabuwar lotsewa ce.

Tukunyar abokinmu dai mahaifinsa ya mayar wa mai ita. Da farko mutumin ya ce ai fenti kariya ne daga tsatsa, kuma gaskiyarsa, idan a kan lafiyayyen ƙarfe aka shafa. Da aka nuna masa gindin, sai ya mayar da kuɗin.