Idan Takardar Neman Zama Ɗan Ƙasa Ta Dawo

Daga cikin al'amuran da ke tayar da hankalin 'yan'uwanmu mazauna Kanada, waɗanda suka shafe shekaru suna ƙirga kwanaki da tara hujjoji domin neman zama 'yan ƙasa, da wuya a sami wanda ya kai ranar da takardun da suka aika ofishin hukumar shige da fice da ke Sydney, a lardin Nova Scotia, suka komo hannunsu tare da wasiƙa mai cewa ba su cika ba. Da yawa kan zaci an hana su ne, alhali kuwa wanda aka hana an duba lamarinsa an yanke hukunci, shi ko wanda aka mayar wa ba a ko buɗe maganarsa ba. A wurin doka tamkar bai taɓa nema ba ne.

To, a nan mas'alar take. Tun daga Oktoban 2017 sharaɗin shi ne mutum ya kasance cikin ƙasar da jikinsa kwana 1,095 a cikin shekara biyar da suka gabaci ranar da ya sa hannu, kuma ba a karɓar takardar da sa hannunta ya haura kwana 90 kafin ta isa. Saboda haka wanda ya cike giɓin da aka nuna masa kurum, ya mayar da takardun da tsohon kwanan wata, yana iya ganin sun sake dawowa. Wanda kuma ya sabunta kwanan watan bai sake lissafi ba, ya gafala da cewa shekara biyar ɗin ta gusa, kwanakin farko sun fita daga hisabi, tafiyar da ya yi gida gaishe da mahaifa ko sauke farali kuwa ta shigo. Ra'ayina shi ne mai nema ya ɗauki abin a matsayin sabon nema ɗungurungum: ya samo fom na yayi, ya sake ƙidaya, ya bar rarar kwanaki a kan adadin, ya tabbatar da shaidar iya Ingilishi ko Faransanci in shekarunsa tsakanin 18 da 54 ne, da shaidar 'yan sanda in ya zauna wata ƙasa kwana 183 a jere cikin shekara huɗun baya. Ya kuma dubi sunansa da kyau, domin mu mutane ne da kan zama Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a fasfo, ba mu ga aibin hakan ba sai ranar da muka haɗu da ma'aikacin da bai san mutum guda ake nufi ba.

Amma fa ban wanke hukuma sarai ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabewa tsakanin wanda ya bar farilla a salla, wanda babu makawa sai ya kawo ta, da wanda ya yi rafkanuwa a kan sunna, wanda sujada biyu ta ƙabli ko ba'adi ke gyara masa. Ita kuwa hukuma, da zarar hoto bai dace da awonta ba ko shafi guda na fasfo ya ɓace, sai ta ɓata aikin baki ɗaya, ta mayar da bawan Allah ƙarshen layi. Na san hujjarta, wato kada mai sakaci ya tare wa mai himma hanya, hujja ce kuma mai ƙarfi a kan wanda kwanakinsa ba su cika ba ko bai biya kuɗi ba. Ba ta da ƙarfi a kan wanda ya cika kowane sharaɗi na asali, ya miƙa takardun harajinsa na shekara uku kamar yadda aka wajabta, sa'an nan ya yi tuntuɓe da hoto. Irin wannan ya cancanci a riƙe takardunsa, a rubuta masa abin da ya rage, a ba shi wa'adin wata guda ya kawo, matsayinsa a layi yana nan.